Tsarabar da ke share akurki

Ina fatan waɗanda suka yi tafiye-tafiyen hutun ƙarshen shekara sun koma gidajensu lafiya, sun kuma iske abin da suka bari yadda suka bar shi.

Na daɗe da lura cewa idan iyali suka dawo daga tafiya, kowa da inda idonsa ke fara sauka. Maigida zai duba kwaɗon ƙofa, ya leƙa rumbu, ya tambaya ko wani ya zo nemansa. Yara su fice wajen abokan wasa da 'yar tsarabar da suka ɓoye a aljihu. Uwargida kuwa tun ba ta cire mayafi ba za ka ga ta ɗebi tsaba a ƙwarya ta zagaya bayan ɗaki, tana watsawa tana bin kajin da ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san dawan garin ba sai ya zaci marmarinsu kawai ta yi, alhali lissafi take yi. A ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan akurki shi ne asusun mace, kuma babu mai dawowa daga tafiya ya kwanta bai ƙirga abin da ke cikin asusunsa ba.

Mu ma bana mun yi kwana goma sha biyu a Kano wajen bikin 'yar ƙanena. Ranar dawowa, da muka ratse daga babban titi a Tashar Yari muka fara cin karo da motocin rake, sai yara suka bar hirar biki suka koma musu a kan ko kazar nan wake-wake ta ƙyanƙyashe. Magen gida ce ta fara taryar mu a zaure, ta ɗan rame, tana goga jiki a ƙafar kowa tana kuka kamar mai kai ƙara. Tattabarun yaro suka tashi daga kan katanga suka yi shawagi suka sake sauka. Akuya ta miƙe a turke tana jan igiya. Kazar da muka bari tana kwanci kuwa sai ga ta ta fito daga ƙarƙashin rumbu da 'yan tsaki bakwai a bayanta. Almajirin gidan, wanda muka bar wa amanarsu, ya ce tara ta ƙyanƙyashe, shirwa ta sure biyu ranar Alhamis ɗin da ya tafi wanki. Ya kawo ragowar dusar da aka auna masa, da ƙwai biyar da ya tsinta a bayan murhu ya adana. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san daɗin wannan sa'a. Carar zakaranka da asubar farko ta fi kowace sannu da zuwa tabbatar maka cewa ka iso gida.

Kwana biyu da dawowarmu na je gaishe da wata gwaggona a wani ƙauye ta wajen Hunkuyi. Na tarar da tsakar gidanta tsit, an kifa kaskon ruwan kaji a jikin bango. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, ina dukiyar taki?" Ta ce, "Kai dai bari ɗan nan, iska ce ta shigo mana. Goma sha bakwai gare ni farkon watan nan, uku suka rage." Da hira ta yi nisa sai na ji ta inda iskar ta shigo. Wani jikanta ne da ke aiki a birni ya zo hutu, ya tsaya a wata kasuwar kan hanya ya sayo mata jibgegen zakara don ya faranta mata rai. Ta ga ya fi ƙarfin a yanka, ta sake shi cikin nata don ya yi mata iri. Kwana uku zakaran ya fara gyangyaɗi, ya saki fukafukai. Kafin mako biyu ana kwasar gawa kowace safiya, kuma abin bai tsaya a gidanta ba, ya haura danga ya bi maƙwabta.

Babu mai ganin laifin yaron, zumunci ya yi niyya. Amma abin da ya auku a gidan nan yana aukuwa a ƙauyukanmu kowane hunturu, kuma ba ya shiga jarida, ba ya shiga rediyo, domin an ɗauki kaza ƙaramin abu.

Mu tsaya mu auna abin da ake rasawa. Maza a wannan yanki suna da rake a Makarfi, da tumatir da barkono a Ikara, da inabin da ya fito da sunan Kudan a 'yan shekarun nan, ga masara ga waken suya. Duk waɗannan kuɗinsu na da lokaci, sai amfani ya nuna an kai kasuwa. Kaza kuwa kuɗi ce da ake iya fitarwa kowace rana ta Allah. Yaro ya kwana da zazzaɓi maigida ya tafi ci-rani, a kama sagara guda a aika wa mai sayen kaji a sayo magani. An koro yarinya daga makaranta saboda littafi ko kuɗin jarrabawa, a kama zakara. Gudummawar biki, zubin adashe, baƙon da ya sauka da magariba, mai jegon da ke bukatar romo, duka akurki ake dubawa. Kazar gida takan yi zubin ƙwai kamar sau uku a shekara, kowane zubi goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta reni 'ya'yanta da kanta, abincinta kuma yawanci daga tono ne, sai ɗan abin da aka tankaɗe na dusa da tsaki. Da damina ita ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. Mata nawa muka sani da kaji suka fara, suka haɗa suka sayi akuya, akuya ta hayayyafa, har aka kai ga kayan ɗakin 'ya?

A wani rahoto na 2019, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kajin Nijeriya sun kai miliyan 180, kuma kimanin miliyan 80 daga ciki irin waɗannan ne masu yawo a tsakar gida da bayan danga. Wato kaso mafi girma yana hannun mutanen da ba su da rajista, ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu. Idan gobara ta ci shaguna a kasuwa, manya za su je jaje da 'yan jarida a bayansu. Idan cuta ta share kajin ƙauye guda, iyakar abin da za ka ji shi ne, "Bana kaji ba su yi ba."

Iskar da Gwaggo ke nufi tana da suna. A 1926 aka fara ganin ta a Indunusiya da kuma wani gari a Ingila mai suna Niyukasil, wanda ta ci sunansa a bakin likitocin dabbobi, an kuma tabbatar da ita a Nijeriya tun farkon shekarun 1950. Masu kiwo da dama a nan suna ce mata fakat, sunan kuwa ya dace, domin inda ta shiga magana ta ƙare. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya taɓa gani: kaza ta tsaya wuri guda ta takure, fukafukai a sake kamar ta yafa zane, tana buɗe baki da ƙyar take numfashi, kashinta ya koma ruwa mai kore-kore, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi wuri ɗaya. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan duka.

Abin da ya sa ta zama abokiyar tafiyar matafiya shi ne ba ta nuna kanta nan take. Kaza takan ɗauke ta ta yi kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, tana ci tana sha, zakara yana cara, babu mai cewa ga abin da ke jikinsu. A wannan tsakanin ne ake kai su kasuwa. Duk mai kiwo ya san dabarar: da zarar kaza biyu sun faɗi, sai a tattara sauran a kai wa dillali kafin a yi asarar duka. A kasuwa a zuba su keji ɗaya da kajin ƙauyuka goma, su sha ruwa a gwangwani ɗaya. Matafiyi ya tsaya ya ga ƙaton zakara a farashin da bai zata ba, ya yi murna ya saya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Shi kuwa mai sayarwar, ko ya sani ko bai sani ba, ya ɗauke masifar daga gidansa ya aza wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nuna cewa cutar ta fi ƙamari da hunturu, kuma ba abin mamaki ba ne. Sanyi da ƙura sun raunana kajin, ga shi kuma lokacin ne kaji suka fi yawo a mota. An gama kaka, kuɗi ya shigo hannu, bukukuwan aure sun kankama, makarantu sun yi hutu, 'yan'uwanmu Kirista na hidimar Kirsimeti da sabuwar shekara. Kowace mota da ta taso daga ƙauye akwai kaza ɗaure a ƙarƙashin kujera, kowace da ta taso daga birni akwai wata a bayanta. Haka abin yake a kowace Sallah. Cutar kuma ba sai a jikin kaza mai rai take tafiya ba. Tana bin kashin da ya manne a takalmi, da kwandon da aka ɗauko kazar, da ruwan da aka wanke naman, da gashi da kayan cikin da aka watsar a bayan ɗaki inda kajin gida za su je tono. Garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta, amma sau da yawa mu ne muke binne mata wuƙar. Agwagwa ma takan ɗauki cutar ta yi ta harkokinta lafiya lau, tana rabawa.

Idan abin ya faɗo, kowane gida da maganinsa. Wannan ta jiƙa ɓawon maɗaci, waccan ta daka barkono ta zuba a ruwan sha, wata ta aika kemis a sayo kafso ja da yalo a farke a kaɗa. Ba na raina ƙoƙarin kowa, domin mai ciwo ba ya raina magani. Amma gaskiyar ita ce ƙwayar wannan cuta bairos ce, irin wadda kafso ba ya taɓawa, kuma har yau babu maganin da ke warkar da ita idan ta kama. 'Yan ƙalilan da ke tashi bayan an ba su jiƙo, ƙarfin jikinsu ne ya tashe su, sai jiƙon ya kwashi yabo. Kuɗin kafson ya tafi a banza, ga shi kuma yawan ɗirka wa dabbobi maganin mutane ba bisa ƙa'ida ba yana daga cikin abubuwan da ke sa magungunan su daina aiki ranar da mu kanmu muke bukatarsu.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi, kuma ba daga wata uwa duniya za a nemo shi ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana sarrafa rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai Lasota da masu gidajen gona suka sani. Akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi idan an fito da shi daga firji. Ɗigo ɗaya ake yi wa kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita duk bayan wata huɗu. Sharuɗɗansa biyu ne: a yi wa kaza tun tana da lafiya, kuma a ba shi kamar mako biyu kafin a sa rai ya fara kare ta. Wanda ya jira sai maƙwabta sun fara kwasar gawa ya makara.

To me ya hana? Abin da na gani shi ne kwalbar ba don mai kaza goma aka yi ta ba. Waɗanda ake samu a shago na kaji ɗari ne, ko ɗari biyu, har dubu, kuma da an haɗa su da ruwa ba sa jimawa. Ga matsalar wuta, domin kwalbar da ta kwana a firjin da ba ya sanyi ta zama ruwa kawai, wanda kuma ya saya ya ga bai yi aiki ba ya daina yarda har abada. Matar da ke cikin gida a Gimi ko Paki ko Likoro ba za ta hau mota ta je Zariya neman ɗigo goma ba. Saboda haka wannan aiki ne na unguwa gaba ɗaya. A Mozambik da Tanzaniya an gwada an ga amfaninsa: a horar da mutum ɗaya ko biyu a ƙauye, maza da mata, su riƙa bi gida-gida sau uku a shekara da kwalba a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, kowa ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace kaza. Mai rigakafin ya sami sana'a, kajin suka tsira. Ban ga abin da zai hana a yi haka a nan ba. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure a kusan kowane gari, muna da ƙungiyoyin adashe, muna da matasa da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune. Muna kuma da abin da wasu yankunan ba su da shi: Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, da cibiyar wayar da kan manoma ta Samaru, duka a ƙofar gidanmu. Daga Hunkuyi zuwa Samaru bai kai tafiyar awa guda ba.

Akwai wani dalili da ya sa bai kamata a riƙa rufe mutuwar kaji da kalmar iska ba. A watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, nan jiharmu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a duk nahiyar Afirka. A farkon 2007 aka tabbatar ta yi ajalin wata mata a Legas, ta kuma sake ɓarkewa a 2015 da 2021. A ido, ita da fakat kusan kamarsu ɗaya, sai an gwada a ɗakin bincike ake rarrabewa. Ɗaya kaji take kashewa, ɗayar kuwa tana iya haurawa kan mutum. Don haka al'adar nan ta rige-rigen yanka kaza kafin ta cika, a ba yara su fige, tana da haɗarin da ya wuce ƙimar naman. Idan kaji suka fara zubewa da yawa lokaci guda, a sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, a haƙa rami mai zurfi a binne gawar, kada a jefa a juji karnuka su ja ta zuwa gidan wani.

Shi kuma matafiyi, nauyi biyu ne a kansa, ɗaya kafin ya fita, ɗaya idan ya dawo. Kafin ya fita, ya san cewa abin da ya tsare a gidansa yana da haƙƙi a kansa. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Cewa maƙwabci "a riƙa leƙa mana" a bakin mota ba ba da amana ba ne. A ɗora wa mutum ɗaya takamaimai, a auna masa dusa da tsabar da za ta kai, a nuna masa kaskon ruwa, domin ƙishirwa ta fi yunwa saurin kashe kaza, a gaya masa lokacin rufe akurki saboda muzuru da masu ɗan hali, a kife 'yan tsaki a kwando da rana saboda shirwa. A kuma sallame shi da abin kirki idan an dawo. Yaron da ya hana kansa yawo mako biyu yana gadin dukiyar wani ya ci a ba shi fiye da ragowar alkakin biki.

Idan an dawo kuwa, kazar tsaraba ba ta da wurin zama sai ɗaya daga cikin biyu. Ko dai a yanka ta ranar, a binne gashi da kayan ciki, a zubar da ruwan wankin inda kaji ba sa zuwa. Ko kuma a keɓe ta nesa da sauran, da kaskonta daban, aƙalla mako biyu, a ga abin da hali zai yi. Ba na cewa a ƙi karɓar kyautar surukai ko ta kaka, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Karɓa daban, sakewa cikin garke daban. Wanda kuma zai kai wa tsohuwa alheri, idan har kaza ce a ransa, ya saya a cikin ƙauyen daga gidan da aka san lafiyar kajinsa, ko ya damƙa mata kuɗin ta zaɓa da kanta.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata sukutum don bunƙasa kiwo. Yawancin maganar da ake ji a kanta ta shanu ce da burtali da madara, kuma waɗannan sun cancanci a yi maganarsu. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da sassan aikin gona da ke ƙarƙashinsu, shi ne kada su jira Abuja ta tuna da kaza. Firji mai aiki da hasken rana a kowace sakatariya, da horar da mutum biyu a kowace mazaɓa, da sanarwa a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa cewa ga makon rigakafi ya zo, musamman a watan Oktoba kafin hunturu ya sauko, duka ba za su ci kuɗin da ake kashewa a taron siyasa guda ba. Matan da ake bi gida-gida ana neman ƙuri'arsu, wannan ce dukiyarsu, kuma ba za su manta da wanda ya tsare musu ita ba.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya sa albarka a abin da ya rage.